Yatsu Biyu a Kan Ɗanyen Fenti

Ranar da Auta ta fara shiga ɗakin kwamfutoci na sashen zane, hannuwanta baƙi ƙirin suke da gawayi. Shekararta ta biyu ke nan a kwaleji. In dai takarda ce da gawayi ko burushi, babu mai ja da ita a ajinsu, amma wannan allon gilashin da ake zane a kansa da alƙalamin roba ya sha mata kai. Ta ja layi ya zame, ta sake ja ya karkace. Haushi ya kama ta, ta zaro hankici za ta goge.

"Tsaya, tsaya! Kar ki kashe mana na'ura."

Wani saurayi ne ɗan ajin ƙarshe, wanda tsayinsa ya sa kowa ke ce masa Dogo. Ya miƙo yatsu biyu ya taɓa gilashin sau ɗaya, layin ya ɓace ɓat.

"Haka ake gogewa a nan," ya ce. "Yatsu biyu, kuskure ya koma inda ya fito."

"To ai wannan ha'inci ne."

"Rahama ce dai, Malama Gawayi."

Ta harare shi, amma hararar ba ta yi kauri ba, shi ma ya lura.

Daga ranar ya zama malaminta ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Ya koya mata raba zane hawa-hawa, layi daban, launi daban, inuwa daban. Zanenta na farko a na'ura wata mage ce da ta fito kamar an cika safa da yashi. Na biyar ya fara kama da abin da ake nufi. Kafin zangon ya ƙare ta zana titin gidansu bayan ruwan sama, har malamar ajin ta tsaya a bayanta ta ce, "Yanzu na fara ganin hannunki a ciki." Duk da haka Auta ba ta bar gawayinta ba. Sai ta fara zana abu a takarda, ta ɗauki hotonsa, sannan ta kai na'ura ta zuba masa launi.

Saƙonni kuwa sai suka tashi daga tambayar aikin gida suka koma wani abu daban.

"Gawayina, yau na zana fuska uku, duk da idonki suka fito. Malam ya ce ko ba ni da lafiya."

"Ka ce masa ciwon naka ba na asibiti ba ne. Ka ci abinci?"

"Na ci. Amma ban ƙoshi ba, tunda ban gan ki ba."

"Allah ya shirye ka, Dogona."

Takan karanta ta kife wayar a ƙirji tana murmushi ita kaɗai. Ta san ta kamu, kuma ba ta da niyyar neman magani.

Dogo ya gama karatu ya samu aiki a shagon buga fosta. Da albashi ya fara zama, ya aiko yayansa gidansu Auta ya gabatar da maganar aure. A nan gizo ke saƙa.

Baban Auta mai rubuta allunan shaguna ne da burushi. Shekara talatin da biyar yana wannan sana'a, a ƙarƙashin teburinsa Auta ta koyi riƙe fensir. Tun da injin buga fosta ya shigo gari, aikin da yake samu a mako ya koma na wata. Yana jin sana'ar yaron ya ɗaure fuska.

"Ba don sun kwashe min kasuwa ba ne," ya ce wa Auta bayan baƙon ya tafi, ko da yake Umma ta ɗan yi tari a nan. "Mutumin da ya saba in ya yi kuskure ya danna abu ya ɓace, ranar da ya ɓata miki rai me zai yi? Zaman aure fenti ne, Auta. In ya zuba sai an durƙusa."

"Baba, ba haka yake ba."

"Ke kika sani. Ga ɗan aminina mai kantin magani, sau biyu ubansa yana min magana."

Mai kantin maganin mutumin kirki ne, babu laifinsa. Ya zo sau ɗaya, ya ga hoton Umma da Auta ta yi wata guda tana zanawa, ya ce, "Ya yi kyau. Amma ai waya ma tana ɗauka." Daga nan Auta ta rufe littafinsa a zuciyarta.

Ta gaya wa Dogo duk abin da Baba ya ce, ba ta rage ko kalma ba. Amsarsa gajeriya ce: "Na ji. Ki ba ni lokaci."

Sai kuma ya yi wuyar gani. Da yamma, lokacin da suka saba waya, wayarsa a kashe. In ta tura saƙo sai bayan awa uku amsa ta zo, ita ma guntuwa. Mako uku ana haka. Wata ƙawarta ta ce ai maza haka suke, da sun ji wuya sai su sulale, har ta ƙara da cewa akwai wata sabuwar ma'aikaciya a shagon fostan mai yawan dariya. Auta ta yi kuka, ba ta ɓoye wa Umma ba. Ta rubuta masa:

"In ka haƙura ne ka faɗa min, kar ka bar ni ina zana mutumin da ya riga ya tafi."

"Ban tafi ko'ina ba, Gawayina. Hannuna ne ba ya iya taɓa waya."

Wannan amsa ta ƙara mata haushi, don ba ta gane ta ba.

Ranar wata Asabar Baba ya manta tabaransa a gida, Umma ta ce Auta ta kai masa rumfa. Tana shan kwana ta ja ta tsaya. Ga Dogo a tsugune gaban wani dogon allo, sanye da tsohuwar rigar aikin Baba da ta tsaya masa a cibiya, fenti har goshi. Baba na zaune a benci yana wanke burushi da kananzir. Babu wanda ya gan ta, sai ta laɓe jikin ƙofa.

Allon wani tela ne, fari tas, da jan rubutu. Saura harafi ɗaya a gama. Dogo ya riƙe numfashi ya ja layin ƙarshe, sai jan fenti ya gangaro. Kafin tunani ya zo masa, hannu ya riga ya yi abin da ya saba: ya sa yatsu biyu ya taɓa allon. Bai ɓace ba, ya sake taɓawa.

Yanzu ga ɗigo, ga shaidar yatsu huɗu jajaye a tsakiyar farin allo.

"Wa kake ƙwanƙwasa wa ƙofa?" in ji Baba. "Babu kowa a ciki."

Dogo ya dubi yatsunsa, ya dubi allon. Baba ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, irin dariyar da Auta ta daɗe ba ta ji ba. Ita ma tata ta kuɓuce, suka waiwayo tare.

"Tun yaushe?" ta tambaya, idonta ya cika da hawaye.

"Mako uku," Baba ya amsa. "Ya zo ya ce in koya masa durƙuso. Na ce kada ya kuskura ya gaya miki, in ga ko zai jure."

Dogo ya ɗauki tsumma ya tsane abin da zai tsanu, ya ce, "Baba, in ya bushe gobe zan bi shi da samfefa in sake shafa farin. Zan je da kaina in ba tela haƙuri, ni na ɓata."

"A shagonku minti goma za a buga wannan."

"Na sani, Baba. Amma nan na ɓata shi, nan zan gyara."

Kwana biyu ya yi a kan allon. Ran na uku Baba ya dawo gida, ya zauna cin abinci, ya ce wa Umma kamar yana maganar yanayi, "Yaron nan allo uku ya ɓata min, ko sau ɗaya bai ce laifin burushi ba ne. Ki ce wa 'yarki ya turo manyansa."

Auta na bayan labule. Ta fito da gudu ta durƙusa gabansa, ta ce, "Na gode, Baba."

"Tashi ki wanke fuska, kin shafe ta da gawayi."

An bari sai da ta gama kwaleji. A baje kolin 'yan ajin ƙarshe ta rataye babban zanenta, hannuwan tsoho riƙe da burushi, da gawayi ta fara shi, a na'ura ta ƙarasa. Baba ya daɗe tsaye a gabansa, ya kasa gano inda gawayi ya tsaya na'ura ta ɗauka. Ya tambaye ta, ta ce ita ma ta manta.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da mutane suka ragu, Baba ya kira su biyun ɗakinsa. Ya kama hannun Auta ya ɗora a na Dogo.

"Ɗana, duk allon da na rubuta ina sa sunana a ƙasa. Wannan kaɗai ban sa ba, don duk wanda ya gan ta ya san tawa ce. Shekara ashirin da uku ina aikinta, ban taɓa yin wanda ya kai ta ba. Ga ta nan."

"Na karɓa da hannu biyu, Baba," in ji Dogo.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Umma ta ce amin daga bakin ƙofa tana share ido. Auta ta kifa kanta a gwiwar mahaifinta ta yi kuka mai daɗi, shi kuwa ya juya fuska wajen taga, ya ce kananzir ne ya shigar masa ido.