Kafson da Barira Ke Sha

Ranar wata Talata suka haɗu, a kan bencin ƙaramin asibitin cikin gari. Shekarar ce da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, har wasu manoman rani na gefen dam ɗin Watari suka kashe injinansu suka bar albasa ta bushe a fangali.

Barira na zaune a ƙarshen benci da takunkumi a fuska, ko da yake korona ta daɗe da wucewa. Shekarunta ashirin da ɗaya. Tun tana 'yar sha huɗu ƙuraje suka sauka a fuskarta suka yi zaman dirshan, manya masu zurfi, a kumatu da haɓa da goshi. Wani na warkewa ya bar tabo, wani na ɓullowa. Ta shafa toka, ta shafa lemon tsami, ta shafa man da wata dillaliya ta rantse da shi, wanda ya ƙona mata fata ya ƙara rura su. Da can abin na damunta. Yanzu kuwa ko an yi mata gori, jinsa take kamar da wata ake. Ta tashi, ta yi sallah, ta bi mahaifinta lambu, ta dawo. Ko wannan zuwan asibitin, mahaifiyarta, Inna Zuliha, ce ta matsa mata.

Wani saurayi dogo ya zo ya tsaya, hannunsa naɗe da tsumma mai jini.

"Sannu, Malama. Ke ce ta ƙarshe a layi?"

"Ni ce."

Ya zauna nesa kaɗan. Zafi ya matsa, Barira ta janye takunkumin don ta kurɓi ruwan leda. Ta san abin da ke biyo baya: mutane ko su kau da kai da sauri, ko su ƙura ido. Wannan bai yi ko ɗaya ba. Dariya ya yi.

"Af, ke ba 'yar Malam Sabo mai albasa ba ce? Ni ne Kassimu, mai gyaran injin ban ruwa. Bara na shafe awa biyu ina kwance injinku, kika zo wucewa kika ce, 'Tiyon ne ya tsage,' kika yi gaba. Kuma tiyon ne. Na daɗe ina jin kunyar ranar nan."

"Ban tuna ba," in ji ta, ta mayar da takunkuminta.

Da ta shiga, ma'aikaciyar jinya Sista Asiya ta daɗe tana duba fuskar, sannan ta ce, "Wannan ya wuce na shafawa kawai. Zan ba ki kafso na kashe ƙwayoyin cuta, da man shafawa na dare. Ƙwaya ɗaya kullum, wata uku. Ki ci abinci tukuna, ki kora da ruwa cikin kofi, kada ki kwanta nan take. Ki guji rana, don maganin yana sa fata saurin ƙonewa. Kina da aure?"

"A'a."

"To, mai ciki ba ta shansa, ki riƙe wannan. Kuma kada ki tsaya a rabi don kin ga babu canji. Ba ya nuna aikinsa sai an yi makonni."

Barira ta ce to, kamar yadda take ce wa kowa to.

A bakin ƙofa ta iske Kassimu an ɗinke masa hannu. Ya tambaye ta me aka ce, ta gaya masa a taƙaice, don ba ta ga dalilin ɓoyewa ba.

"Ki guji rana? Ke da kike wuni a lambu?"

Ta ɗaga kafaɗa.

Bayan kwana uku, tana durƙushe tana dashen albasa, sai ga shi ya zo da malafa mai faɗin baki. Ya gai da Malam Sabo, ya ajiye malafar a kan kunya, ya ce, "Baba, ta Barira ce, likita ta hana ta rana." Malam Sabo ya dubi malafa, ya dubi saurayi, ya ci gaba da aikinsa yana murmushi.

A wurin ƙawarta Huseina ya samu lambarta. Washegari da hantsi saƙon farko ya shigo 'yar ƙaramar wayarta.

"Assalamu alaikum 'Yar Lambu. Kin karya? Kin sha kafso? Da ruwa cikin kofi fa, ba kurɓi ɗaya ba."

Ta karanta, ta ajiye. Sai da azahar ta rubuta, "Na sha."

Haka suka ci gaba. Shi ya rubuto layi huɗu, ita ta mayar da kalma biyu. Makon farko maganin ya riƙa tayar mata da zuciya, don sau da yawa karin kumallon gidan bai wuce kokon da ba ya riƙe ciki ba. A shekarar nan tiyar masara ta fi ƙarfin gidaje da yawa. Da Kassimu ya ji, sai ya fara biyowa da ƙosai a takarda kafin ya wuce aiki, ya miƙa wa Inna Zuliha daga zaure ya ce na gida ne gaba ɗaya.

Wata rana da la'asar, suna zaune a ƙofar gida, ya ce, "Barira, so nake in turo magabatana."

Ta dube shi. Ta lalubi zuciyarta ko za ta ji wani abu, ta tarar shiru.

"Yaya Kassimu, ka ga fuskata kuwa?"

"Na gani. Na ga kuma yadda kike jera dashe kamar an ja zare. Na ga ba ki taɓa yi mini ƙarya ba, ko don ki faranta mini."

"Ni fa ban san ko ina sonka ba. Ba kai kaɗai ba, komai ma ba na jin daɗinsa, ba na jin zafinsa."

"In ban zo ba, kina lura?"

Ta ce, "Ranar Alhamis ba ka zo ba."

"Wannan ya ishe ni, Sanyin Idona."

A mako na shida, Huseina ce ta fara cewa manyan ƙurajen sun kwanta. Barira ta shafa kumatunta, ta ji ba zafi. Ta ce, "Haka ne," ta ci gaba da tsinke zogale.

A wannan makon kuma maganar ta ɓaci. Mahaifiyar Kassimu, Inna Hure, da ma ta daɗe da ajiye masa Sauda, 'yar yayanta. A gidan wani suna, Sauda ta ga Barira ta ciro kafso daga jaka ta haɗiye bayan an ci waina. Kafin a watse, magana ta zaga: yarinyar da ke shan ƙwaya kullum a lokaci ɗaya, ga fuska duk ƙuraje, ga takunkumi, ai kowa ya san irin ciwon da ake sha wa magani haka. Wasu ma suka ce ƙwayar hana ɗaukar ciki ce. Ba wanda ya tambaye ta.

Inna Hure ta ce wa ɗanta muddin tana numfashi ba za a kai goro gidan Malam Sabo ba. Kassimu ya yi bayani har bakinsa ya gaji. Daga ƙarshe ya ce ai yanzu ba a ɗaura aure sai da takardar gwajin jini, a bari a yi. Ta ce in an yi ta gani da idonta, sannan a yi magana. Shi a ganinsa ya ci rabin nasara, sai ya rubuta wa Barira da sauri:

"Sanyin Idona, Inna ta ce sai an yi gwaji an tabbatar. Ki shirya mu je ranar Talata, kowa ya huta."

Barira ta karanta sau biyu. An tabbatar. Kowa ya huta. Wato har da shi. Ba ta ji haushi ba. Abin ya zo mata kamar ruwan da ta san zai sauko. Ta kashe wayar ta tura ƙarƙashin katifa. Washegari ta ɗauko kafson, ta dube shi, ta mayar. Tunda maganin ne ya jawo maganar, to a bar shi. Ta rataye malafar a ƙusa, ta fita lambu haka nan. In Kassimu ya yi sallama, ta ce a ce ba ta nan.

Kwana goma sha biyu aka yi haka. Rana ta gasa mata goshi, ƙuraje biyu manya suka sake tasowa a haɓa. Inna Zuliha ce ta gano, ranar da take kakkaɓe shimfiɗa ta ga katin maganin bai ragu ba.

"Barira, kin san buhun albasar da Babanki ya sayar tun ba ta yi daraja ba don wannan maganin? Saboda bakin mutane za ki zubar?"

"Inna, in na sha su ce, in ban sha ba su ce. Duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Fuskarki ce, ba tasu ba."

Da la'asar ɗin ranar Kassimu ya sake zuwa. Wannan karon Malam Sabo da kansa ya ce ta fita. Ta same shi ya rame. Ya miƙa mata wata takarda.

"Tawa ce. Na je an yi mini gwajin tun wancan makon, ni kaɗai. Da ita ya kamata in fara zuwa, ba da wancan saƙon ba. Wallahi ko minti ɗaya ban taɓa zarginki ba. Ina bakin ƙofa ranar da aka rubuta miki maganin nan. Bakina ne bai iya magana ba, ki yafe mini."

Ta riƙe takardar, ba ta buɗe ba.

"Na daina sha," in ji ta.

"Na gani a fuskarki. Ko kin fasa aurena, Barira, ki koma wurin Sista. Wannan ba don ni ba ne."

Ta ɗago ta dube shi. Sannan ta ce, "Zan je. Amma ba da kai ba. Da Inna Hure zan je."

Ranar Talata suka shiga mota ɗaya da Inna Hure, tsohuwar na gefe tana jan carbi. Aka ɗibi jini, aka jira. Sista Asiya ta karanta sakamakon a gaban su biyu, bayan ta nemi izinin Barira: lafiya ƙalau. Ta ɗauko katin kafson ta nuna wa Inna Hure.

"Inna, wannan na ƙurajen fuska ne, ni na rubuta da hannuna. Yanzu ga shi ta tsaya a hanya, sai mun ƙara mata lokaci. Irin wannan maganin ba a yi masa sha-ka-bari, ƙwayoyin cutar sabawa suke da shi."

 A hanyar dawowa, rana ta faɗo ta tagar da Barira ke zaune. Tsohuwar ta taɓa kafaɗarta.

"Taso ki dawo nan, 'yata. An ce rana ba ta yi miki."

Suka canza wuri. Sai da suka kusa sauka ta ƙara da cewa, murya ƙasa-ƙasa, "Na ɗauki alhakinki. Ki yafe ni." Da yamma kuma ta je gidan yayanta, aka ji muryarta har waje tana yi wa Sauda faɗa.

An kawo goro bayan mako biyu. Da aka zo sa rana, dangin Kassimu suka so a yi nan kusa, Barira ta aika wa mahaifinta cewa sai ta gama magani, don Sista ta ce mai ciki ba ta shansa. Inna Hure ce ta fara goyon bayanta. Aka sa bayan an kwashe albasa.

Fuskar ta kwanta, amma ba ta koma sumul ba. Tabo ya zauna a kumatu, kuma wani lokaci ƙurji ɗaya kan leƙo. Sista ta tsayar da kafson, ta bar ta da man shafawa. Ranar ɗaurin aure mai kwalliya ta ɗebo hoda za ta lafta, Barira ta ce, "Kaɗan dai. Ya san abin da ke ƙasa."

Bikin bai yi yawa ba, shekarar ba ta bari ba: tuwon shinkafa, zoɓo, da 'yan kujerun haya. Bayan sallar Juma'a tana zaune a ɗakin Inna Zuliha, lalle a hannu, sai ta jiyo muryar sanƙira daga ƙofar gida: "An ɗaura! Alƙawari ya cika!" Mata suka rangaɗa guɗa.

Barira ta ji jikinta ya ɗau zafi.  Ƙirjinta na bugawa kamar ta yi gudu.

"Huseina, zazzaɓi ne ke son kama ni?"

Huseina ta taɓa goshinta, ta fashe da dariya. "Wane zazzaɓi? Murna ce, sakarya."

Wayarta ta yi ƙara.

"Matata. Yanzu na shafa fatiha. Ina ta son in rubuta wani abu mai daɗi, hannuna ya ƙi. Allah Ya bar mu tare."

Ta goge abin da ta fara rubutawa har sau uku, sannan ta tura:

"Amin, Mijina. Ka zo da wuri. Ina son ganinka."

Malam Sabo ya shigo, babbar rigarsa na ƙamshin turare, ya durƙusa ya dafa kanta. 

"Kin yi haƙuri, Barira, kin kuma yi mana biyayya. Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya sa gidanki ya zama wurin hutawarki, Ya ba ku zuri'a ta gari, Ya kawo mana sauƙin wannan zamani."

Ɗakin ya amsa da amin. Ta Barira ce ta fi ta kowa ƙarfi.