Taragon Yaya

A wani gari da jirgin ƙasa ke ratsawa, an yi wata yarinya mai son jirgi. Wata rana ta fere karan dawa, ta shimfiɗa ɗan layin dogo a tsakar gida, har da gada. Sai dai ba ta da tarago.

Yayanta yana da ɗaya na gwangwanin kifi, mai tayoyin tsohon silifa. Da ƙyar ya ara mata, ya tafi gona.

Ta ɗora taragon, ya zame. Ta sake ɗorawa, ya zame. Ashe tayoyin sun fi layin faɗi. Ta ɗauko filaya za ta datse wayar da ke riƙe da su. Ta ɗaga, ta ajiye. Ta sake ɗagawa, ta ajiye. Sai ta zauna jira.

Da ya dawo ta ce, "Yaya, taragonka ya ƙi hawa layina. Saura kaɗan in datse wayar."

Ya ce, "Da kin datse, da shi ke nan, ba ni da wata. Duba nan."

Ya sa yatsu biyu ya matso tayoyin ciki, tarago ya zauna daram. Yarinya ta sauke ajiyar zuciya.

Yayanta ya tsuguna kusa da gadar, ya ce, "To direba, ina muka nufa?"