Injin Surfanin Baba

Ranar da ta fara ganin mai gyaran kwamfutar, yana durƙushe a ƙarƙashin tebur a shagon marigayi mahaifinta, rigarsa duk ƙura. Tsohuwar kwamfutar da ke sarrafa injin surfani ce ta mutu, sabuwar kuma ta ƙi buɗe zanukan Baba.

Ya ce mata akwai manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwa, har ta karanta duk abin da waccan ke karantawa. Kafin yamma allura ta kama aiki. Da ta ga furen da Baba ya zana yana fitowa a kan yadi, sai hawaye.

Daga nan ya fara zuwa duba injin da lafiyarsa ƙalau. Yana ce mata Mai Zare, tana ce masa Injiniya.

"Mai Zare, yau ma injin bai lalace ba? Ki taimaka ki tsinke waya ɗaya mana," ya rubuto mata.

Yayanta kuwa ya daɗe yana so a sayar da shagon, gyaran ya ɓata masa shiri. Da zanukan Baba suka bayyana a wani shago, sai ya ce wa Mama ai mai gyaran nan ne ya kwashe. Mama ta hana Injiniya zuwa. Ita ma Mai Zare ta yarda da zargin, ta rubuta masa:

"Na buɗe maka abin da Baba ya bari, ka ci amanata. Kada ka sake nemana."

Amsarsa gajera ce: "Ban taɓa ba. Allah Ya sani."

Wata huɗu ba ta ji ɗuriyarsa ba. Mai wancan shagon ne da bakinsa ya faɗa mata cewa yayanta ne ya kawo masa zanukan.

Ta sami Injiniya a wurin aikinsa don neman gafara, ta kasa haɗa ido da shi. Ya ce ya yafe, amma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ko tambayarsa ba ta yi ba.

Bayan sun shirya, aka ɗaura aurensu ba tare da Yaya ba, ya ce ba zai zo ba, bai kuwa zo ba. Mama ta riƙe hannun angon, ta ce:

"Ɗana, mun zalunce ka. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman da ba zargi a cikinsa."

Ya ce amin. Amarya ta fi shi daɗewa tana maimaitawa.