Jesin da Declan Ya Saka a Newcastle

Ranar Lahadi ce, Maureen ta sauke gasasshen naman sa da dankali, gidanta na Sunderland ya gauraye da ƙamshi. 'Ya'yanta biyu suna zaune a tebur: Stuart babba, direban motar kaya mai bakin da ba ya hutawa, da ƙanensa Declan wanda aurensa ya matso. Kusa da Declan kuwa amaryarsa ce Leanne, 'yar Newcastle, sai juya cokali take yi a faranti ba ta kai komai baki ba.

Stuart ne babban abokin ango, don haka shirya shagalin bankwana da gwauranci a wuyansa yake, ya kuwa ɗauki abin kamar an naɗa shi gwamna. Ya ce a Newcastle za a yi Asabar da Lahadi, tunda duk lalacewar garin ba a raba shi da wuraren nishaɗi. Ya riga ya kama masauki a bakin kogi. Za a yi tseren ƙananan motoci, a ci kifi, sannan a bi mashaya ɗaya bayan ɗaya har ƙafa ta gaji. Kayan da ango zai saka kuwa sirri ne sai ranar, kuma ango ba ya musu, haka al'ada take.

Nan Leanne ta ɗago ta ce roƙonta ɗaya ne, a gayyaci babanta.

Duk wanda ya tashi a yankin nan namu ya san abin da ke tsakanin garuruwan biyu: tafiya kaɗan ce a jirgin ƙasa, amma ƙwallon ƙafa ta haƙa musu rami tun zamanin kakanni. Su Declan ja da fari suke sakawa, launin ƙungiyar Sunderland, Norman mahaifin Leanne kuwa, tsohon mai walda a wurin ƙera jiragen ruwa, baƙi da fari na ƙungiyar Newcastle ya sani tun yana goye. Da farko tsokana ce kawai yake wa saurayin 'yarsa. Abin ya ɓaci ne ranar baiko, da Stuart ya sha ya yi tatil, ya hau rera waƙar zagin ƙungiyar Newcastle a tsakiyar falon dattijon, gaban tsofaffin abokansa. Tun ranar Norman ya ce auren dai bai hana ba, amma ba shi zai riƙo hannun Leanne ya shiga da ita coci ya miƙa wa wannan gida ba. Ita kuwa uwarta ta rasu, ba ta da kowa sai shi. Ta yi kuka har ta gaji. Declan ya yi ta zarya gidan, ya gyara shinge, ya kai tsoho asibiti, amma gaisuwarsa ba ta taɓa samun amsar da ta wuce kalma biyu ba.

Abin mamaki, Stuart bai ja ba. Ya ce ai babu komai, a zo da shi. Maureen ta daɗe tana kallon ɗan nata, don ta san shi farin sani, saurin yardarsa ba ta cika zama alheri ba.

Ranar Asabar da hantsi suka haɗu a bakin tashar jirgi ta Newcastle, gari ya cika da jama'a. Sai ga Norman ya iso cikin riga mai guga, fuska a murtuke, da gani ka san darajar 'yarsa ce ta fito da shi. Declan ya tare shi da gaisuwa, zuciyarsa fal murna.

Stuart ya zuge jaka ya fara rabo. Jesi ce mai ratsin ja da fari, kowa da sunansa a baya. Ango aka miƙa masa doguwar rigar amarya har da mayafi, samari suka kwashe da dariya. Daga ƙarshe Stuart ya zaro wata jesin ya ɗaga ta sama, an rubuta NORMAN ɓaro-ɓaro.

“Doka ce, Baba Norman,” in ji shi. “Duk wanda zai bi mu sai ya saka. In kuma ta yi maka nauyi, ga hanyar gida nan.”

Masu wucewa suka fara tsayawa. A garin da aka haifi mutum, da rana tsaka, inda kowane lungu akwai wanda ya san shi, wannan ba wasa ba ne, tozarci ne. Declan ya ga dattijon ya juya kai yana neman hanyar fita, ya kuma tabbata in ya tafi yau, to Leanne ita kaɗai za ta shiga coci.

Ya sa hannu ya karɓe jesin daga hannun yayansa.

“Yaya, ka manta al'adar ne? Wulaƙancin yau na ango ne, shi kaɗai. Ba a raba shi da baƙo, balle dattijo.”

“To ai ga rigarka nan na ba ka.”

“Wannan ta yi sauƙi. Ku jira ni.”

Ya tsallaka titi ya shiga wani shagon kayan wasanni. Da ya fito, dariyar kowa ta ɗauke. Jesin Newcastle ce a jikinsa, baƙi da fari, shi da ko safa mai wannan launi bai taɓa yarda ta shiga ɗakinsa ba.

Idon Stuart ya kaɗa ya yi ja. Ya matso ya ce masa ƙasa-ƙasa, da babansu yana raye ya ga wannan, da baƙin ciki ya kashe shi. A nan ne Declan ya gane ciwon yayan nasa. Marigayi ne yake saɓa su a kafaɗa ya kai su filin wasa, Stuart kuwa gani yake auren nan zai kwashe ɗan abin da ya rage musu nasa. Tausayin yayan ya kama Declan, amma bai sauka daga kan bakansa ba.

“Baba ya koya mana ƙwallo, Yaya, amma bai taɓa koya mana cin mutuncin babba ba. Wannan kai ka ƙaro.”

Wunin ranar Declan ya ga tasku. Abokansa suka saka shi a gaba da waƙar maci amana, suna ta ɗaukar hoto. Kafin a gama tseren motoci hoton ya zagaye Sunderland, har maigidansa a wurin aiki ya aiko yana tambaya ko lafiya. 'Yan Newcastle kuwa da sun ji karin harshensa na Sunderland sai su fashe da dariya, su ce an kamo ɗaya. Shi dai kansa a ɗage, ya ƙi ko ɗora kwat a kai. Norman kuwa bai tafi ba, duk inda aka nufa yana biye a gefensa.

Da yamma suka zauna cin kifi a bakin kogi, gada tana samansu. Dattijon ya ja kujera kusa da Declan, ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

“Ba ta yi maka kyau ba ko kaɗan,” ya ce. “Cire ta, yaro, kana ɓata mana suna.”

“Sai an tashi, Baba. Ango ba ya tuɓewa a tsakiya.”

Norman ya barbaɗa wa kifinsa gishiri. Can ya ce shi da a ce shi ne, ko da wuƙa a wuya ba zai iya saka ta Sunderland ba, ya kuma san abin da mutum yake ji in nasa suka juya masa baya. Sai ya gyara murya.

“A cocin nan, ta wane hannu uba yake tsayawa? Kada in je in ba 'yata kunya.”

Hawaye suka zubo wa Declan. Stuart da ke jin su ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya taso ya tsaya gaban dattijon, ya ce ya yi kuskure tun ranar baiko, a yafe masa. Norman ya ce ya yafe, amma waƙa kam kada ya sake, don ko ba zagi muryar ba ta da daɗi.

Ranar aure, da aka buɗe ƙofar coci, Leanne ta shigo riƙe da hannun mahaifinta, tsoho yana taku ɗaiɗai kamar ya mallaki garuruwan biyu. Maureen ta share ido tana gaya wa na kusa da ita cewa ɗanta ne ya yi wannan aikin. Mu ma da muka san abin da jesin nan ta ci masa, har yau muna alfahari da shi. Ga samari masu shirin aure: so ba a baki yake ba. Wanda ya iya haƙuri, ya ɗauki kunya a kansa don kada ta sauka kan iyayen wadda yake so, shi ne uba yake miƙa wa 'ya da hannunsa.