Wa Zai Gani?

A wani gari, a can wani lokaci, an yi wani saurayi mai zanen gidaje. Ya ƙuduri aniyar harhaɗa kwamfuta da hannunsa, don ya riƙa aiki da ita da safe, ya buga wasa da yamma. Sai ya nufi shagon wani dattijo mai sayar da kayan kwamfuta.

Ya zaɓi gidan kwamfuta mai gilashi, ya ce, "Wannan za a gani." Ya zaɓi fanka mai fitilu, ya ce, "Wannan ma za a gani."

Dattijo ya ɗora wani baƙin akwati mai nauyi a tebur. "Ɗana, saura wannan. Shi ke raba wa kowane sashe wuta gwargwadon bukatarsa."

"A ina yake zama, Baba?"

"Can ƙasa, a rufe."

"To wa zai gani? Ba ni ƙaramin can na araha."

Dattijo ya miƙa masa ƙaramin.

Kwamfuta ta haɗu, abokai suka cika ɗaki suna kallon fitilu. Saurayi ya zuba aikinsa duka a ciki, har da zanen gidan da ya yi wa mahaifiyarsa alkawari, wanda ya shekara yana yi.

Ran nan aka kawo wuta da ƙarfi. Ƙaramin akwati ya yi ƙara, ƙauri ya cika ɗaki. Fitilu suka mutu, zane ya tafi.

Saurayi ya rungumo kwamfutar ya koma shago. Dattijo ya kwance ta, ya ciro akwatin a ƙone, ya ajiye a tebur gaban kowa.

Ya ce, "Ga shi, ɗana. Yau an gan shi."