Gayyatar da Zio Oronzo Ya Ƙi

Nunzia na zaune a kicin ɗinsu a garin Monopoli tana ƙulla alawar biki a fararen ƙyallaye, sai ga mahaifiyarta ta shigo, fuska babu annuri.

"Wa ya gayyaci Zio Oronzo ta waya?"

Tullio, saurayin Nunzia, ya ɗago kai yana murmushi. Ɗan arewacin ƙasarsu ne, daga can cikin duwatsu, inda mutane ke ganin doguwar gaisuwa ɓata lokaci ce.

"Ni ne, Signora Imma. Mesej ɗaya na tura wa dangi duka, an huta!"

"An huta?" Ta dafe ƙirji. "Wayyo ni Imma! A gidan nan da ƙafa ake kai gayyata, da alawa a hannu. Ga shi Oronzo ya ce ba zai zo ba. To ku ji da kyau: in ba shi ya riƙe hannun 'yata ya shiga da ita coci ba, babu aure!"

Zio Oronzo, wato Baffa Oronzo, shi ne wan mahaifin Nunzia, shi kaɗai ya rage mata a matsayin uba tun rasuwar babanta. Tsoho ne mai taurin kai, in ya ce a'a to ya zauna. Hawaye suka zubo wa Nunzia a kan ƙyallayen.

Washegari suka loda alawa a mota suka bi bakin teku, don ba Zio Oronzo kaɗai aka ɓata wa rai ba. A Ostuni suka hau lungunan fararen gidajen nan har numfashin Tullio ya kusa ɗaukewa. Zia Titina, ƙanwar Imma, ta buɗe ƙofa ta ƙare masa kallo.

"Kai ne mai mesej ɗin? Kai, wannan tsinken? Shigo ka ci abinci, mara kunya!"

Haka aka yi ta yi gari bayan gari: a yi masa tatas, a cika masa faranti. Wanda ya ce ya ƙoshi a gidan goggo ya zage ta, don haka bawan Allah ya ci taliya har wando ya ƙi maɓalli. A Otranto, a gindin tsohuwar ganuwa, haƙurinsa ya ƙare.

"Nunzia, ke zan aura ko garuruwan nan? Haba! Tsoho ɗaya zai hana mu rayuwa?"

"Plis, Tullio," ta ce tana kuka, "hannunsa irin na babana ne sak. In na riƙe shi ranar, kamar Baba ne ya raka ni."

Jikinsa ya yi sanyi. Ya tayar da mota.

A Castro suka tarar da tsohon a kan duwatsun bakin ruwa, yana bugun kifin nan mai hannaye takwas da dutse, kamar yadda ake yi don namansa ya yi laushi. Nunzia ta gaishe shi, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Tullio ya matsa ya miƙa alawar da hannu biyu.

"Zio, na yi kuskure. Ka yafe mini."

Tsohon ko kallon alawar bai yi ba. Kifin ya miƙa masa. "Buga."

Tullio ya naɗe hannun farar rigarsa ya hau bugu. Rana ta take, masunta na wucewa suna dariya: "Oronzo, ina ka samo wannan ɗan boko?" Riga ta ɓaci, kafaɗa ta sage, tafin hannu ya yi jawur. Nunzia na tsaye, tana jiran ya yi jifa da kifin ya tafi. Bai tafi ba.

Can tsohon ya taɓa naman, ya yanko ɗan guntu ɗanye ya miƙa masa. Tullio, da bai taɓa kai ɗanyen abin teku baki ba, ya runtse ido ya haɗiye.

Sai a sannan Zio Oronzo ya karɓi alawar.

"Ba da kai nake fushi ba, yaro. Tun da muka binne ƙanena babu ƙafar da ta taka matakalar gidana. Kowa sai waya, waya! Waya tana cin abinci? Na san in na amsa mesej ɗin nan, 'yata Nunzia ma ba za ta zo ba."

Kunya ta rufe Nunzia. Ta faɗa jikinsa tana kuka, shi kuma yana shafa kanta da hannun nan irin na babanta.

Ranar biki shi ya shiga da ita coci, Imma na share hawaye tana godiya ga Allah. Nunzia kuwa har yau tana gode wa kuskuren mijinta, don shi ya maido mata da uba, tana kuma gode wa haƙurinsa, don shi ya tsare musu aurensu. Gaskiyar magabata ce, zumunci a ƙafa yake. Yanzu duk Lahadi, tun kafin ta gama ɗaura ɗankwali, Tullio ke kaɗa makullin mota.

"Yi sauri, Nunzia! Tsoho na can yana jira da kifinsa."