A Gindin Gawo Ake Kashe Babur

A kasuwar Cadawa ya fara ganinta, kuma a ƙasa ya gan ta. Tayar wata mota ce ta fashe a bakin tasha, sai wata budurwa mai farin mayafi ta zube ƙarƙashin teburin mai tumatir ta rufe kai da hannuwa. 'Yan kasuwa suka kwashe da dariya.

Munir, malamin lakol, wato makarantar boko, a garin, bai yi dariya ba. Ya durƙusa yana tsince mata albasar da ta watse.

"Taya ce kawai," ya ce a hankali.

"Na sani." Ta miƙe tana kakkaɓe zane. "Kunnena ya sani, jikina ne bai sani ba."

Sunanta Fadila, daga Garin Kadi a yankin Sae Sabuwa, ta zo ganin innarta da ke aure a Cadawa. Waɗanda suka yi mata dariya sun san abin da ake fama da shi can yamma wajen iyaka. Suna jinsa a rediyo suna kurɓar shayi, su ce Allah ya kyauta, su koma hirar ƙwallo. Tsoron wani ba ya hana su barci, har abin dariya yake ba su.

Kafin ta koma gida ya samu lambarta a wajen innar, saƙonni suka fara kai da komo.

"Hasken idona, yau na yi kuskure a allo har yara suka gyara mini. Laifinki ne."

"To malam, ka nemi gafarar yara. Ni ma na zuba gishiri a kunu, kakata Gogo ta ce a nemo mini rubutu."

"Ki gaya wa Gogo maganin yana Cadawa, yana kewarki."

Akwai abin da Fadila ba ta taɓa rubuta masa ba. Daminar bara waccan 'yan bindiga suka shigo garinsu a kan babura suka tafi da mahaifinta, Malam Zakari. Ya dawo a rame, ba ya son a tambaye shi. Tun daga nan garin ya yi doka: duk mai babur, baƙo ko ɗan gari, a gindin gawon bakin gari zai kashe shi ya turo da hannu. Ita kuwa da takalmi a ƙarƙashin matashi take kwana, don shirin gudu. Kunya ta hana ta faɗa. Tana tsoron ya ga ta cika nauyi ya janye.

Shi kuma Munir ya so ya fita kunyarta. A Cadawa saurayin da ya je gaisuwar iyaye da abokai da yawa, shi ne wanda ya ɗauki yarinya da daraja. Bai gaya mata ranar ba, so yake ya ba ta mamaki. Bayan la'asar shi da abokansa suka doshi Garin Kadi a jere a kan babura, kowa ya naɗe fuska da rawani saboda rana da yashi, suka wuce gawon a guje suna danna oda.

Mata suka bar taɓare a turmi. Maza suka tsallake danni. Aka suri yara aka faɗa cikin hatsi. Fadila ta kamo Gogo, kakarta, suna gudu, tsohuwar ta yi tuntuɓe ta faɗi a kan hannu, ya karye.

Munir ya tsaya a tsakiyar gari da ledar goro a hannu, ba kowa sai kaji.

Da mutane suka dawo, Malam Zakari ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne malamin lakol? Mi kake koya ma yara, in kai kanka ba ka iya tambaya kafin ka shiga garin mutane?"

"Baba, wallahi ban sani ba."

"Shi ne laifin naka. Wanda bai san abin da muke tsoro ba, ba ni ba shi ɗiyata. Ɗauki goronka."

Wayar Munir ta yi shiru. Yakan buɗe ta a aji, ya buɗe a masallaci bayan sallama, ba komai. Sai labari ya iso ta bakin innar cewa Habibullahi, ɗan aminin Malam Zakari mai shago a Maradi, ya aiko yana son Fadila, ya ce zai ajiye ta a gida mai katanga da ƙofar ƙarfe. Malam Zakari kuma ya fara sauraro.

Sannan saƙonta ya shigo.

"Munir, da na gaya maka da haka ba ta faru ba. Na ji kunyar ka san da takalmi nake kwana. Baba ya hana ni kiranka. Amma duk wanda na hango yana turo babur daga gawo, sai na tsaya in ga ko kai ne."

Ya karanta har ya haddace. Ya mayar mata: "Ci gaba da dubawa, Fadilata."

Ranar Asabar ya zo shi kaɗai, fuska a buɗe. Ya kashe babur a gindin gawo ya turo cikin yashi, gumi na zuba. Bai nemi ganin Fadila ba. Gogo ya ce ya zo dubawa.

"Kai ne angon da ya karya ni?" in ji tsohuwar. "Mijin kirki da turare yake zuwa, kai da karaya ka zo."

"Na zo in biya, Gogo. In kai ki likita a duba ɗaurin."

"A bisa wannan shaiɗanin naka? Sai dai jaki."

A amalanken jaki ya kai ta Sae Sabuwa ya dawo da ita. Haka ya riƙa zuwa duk Asabar. Malam Zakari yana amsa sallamarsa a taƙaice ya kau da kai. Fadila kuwa ta ramin zana take leƙensa, shi kuma gefen mayafinta kawai yake gani, ya koma Cadawa da shi a zuciya har wani makon.

Wata Asabar da hantsi yana zaune wajen Gogo, sai aka ji rugugin babura daga kudu, da yawa, suna matsowa. Mutane suka fara gudu. Munir ya miƙe zumbur. Baburinsa na jingine a ƙofar gida, da ya hau da ya tsira. Ya duƙa ya goya Gogo, ya bi mutane cikin hatsi.

Suka kwanta a tsakanin kunya-kunya. Yana jin wata uwa ta toshe bakin jaririnta. Can gefe ya hango Fadila, idonta a kansa. Rugugin ya zo daf, ya karkata gabas, ya ɓace. Daga baya aka ji 'yan kasuwa ne suka saki hanya.

Aka fito ana kakkaɓe ƙasa. Munir ya sauke Gogo, ya so miƙewa, ƙafafunsa suka ƙi. Malam Zakari ya tsaya a kansa yana kallonsa. Ya ɗebo ruwa a moɗa ya miƙa masa.

"Sha. Haka tsoron yake yi, ba ya bari da wuri." Ya zauna kusa da shi a ƙasa. "Ni har yanzu nawa bai bari ba."

Sai Malam Zakari ya dafa kafaɗarsa.

"Shi ɗan Maradi cewa ya yi a kai mai yarinya can ya gani, ba ya iya shigowa nan. Kai ka shigo da hauka, amma ka dawo da hankali. Ka turo magabatanka. Ka gaya musu inda gawo yake."

Da rana tsaka aka ɗaura auren. Abokan ango, waɗanda suka watsa garin kwanakin baya, suka shigo a jere kowa na tura baburinsa, mata na guɗa suna yi musu dariya. Gogo ta ɗaga hannun da ya warke ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo ranar da za a hau babur har ƙofar gida ba wanda ya gudu. Aka shafa.

A Cadawa, bayan magariba 'yan kai amarya sun watse, wani babur ya wuce ta bayan ɗaki. Fadila ta damƙe hannun Munir.

"Na Ishaku ne mai shayi," ya ce. "Kullum war haka yake wucewa. Zan koya miki su ɗaya bayan ɗaya, har ki san kowane da mai shi."

"In na firgita fa?"

"Sai mu firgita tare, hasken idona. Ni ma yanzu na iya."

Ta yi murmushi. Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro takalminta, ta daɗe tana riƙe da shi, sannan ta tashi ta ajiye shi a bakin ƙofa, kusa da nasa.

Allah ya albarkaci auren, ya kwantar da hankalin Garin Kadi da duk garin da ake kwana da takalmi.